Sunansa ya fito a takardun Epstein, to me aka ce ya yi?

Idan kana cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinku ko na matasan unguwa a nan Zuru, da wuya a ce saƙon bai iso wayarka ba. Jerin sunaye ne na manyan masu kuɗin duniyar fasaha, Bill Gates a sama, Elon Musk na biye, an zagaye fuskokinsu da jan layi, a ƙasa an rubuta cewa asiri ya tonu, a tura wa kowa. Wataƙila ka tura. Ba zan ga laifinka sosai ba, abin da ake zargin an yi a gidajen Jeffrey Epstein abu ne mai tayar da tsikar jiki, kuma mutum ba ya son ya zama shi kaɗai ne bai ce komai ba. Amma ina so mu zauna a kan wannan jerin sunayen na ɗan lokaci, domin hanyar da muke karanta shi ita ce dai hanyar da wata rana za a karanta sunanka ko na ƙaninka, kuma a masarautar nan mun san inda irin wannan karatun yake kai mutum.

Ga wanda bai bi labarin ba: Epstein attajiri ne ɗan Amurka. A 2008 wata kotu a jihar Florida ta ɗaure shi bayan ya amsa laifin neman lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru. A watan Yulin 2019 aka sake kama shi bisa tuhumar safarar 'yan mata, a watan Agusta na shekarar aka tsinci gawarsa a kurkukun New York tun ba a fara shari'ar ba. Abokiyar harkarsa Ghislaine Maxwell ta samu ɗaurin shekara 20 a 2022. A Nuwamban 2025 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa Ma'aikatar Shari'a fitar da takardun binciken, kuma a ranar 30 ga Janairun 2026 aka saki shafi sama da miliyan uku a tashi ɗaya.

Ka tsaya a kan wannan adadin. Shafi miliyan uku. A ciki akwai saƙonnin imel, da jadawalin ganawa, da rajistar fasinjojin jirginsa, da yankan jaridu, da bayanan 'yan matan da aka cuta, har da ƙorafe-ƙorafen da jama'ar gari suka aika wa hukumar FBI waɗanda ba a tantance ba. Ita kanta ma'aikatar ta yi gargaɗin cewa ana iya samun na bogi a ciki. Ke nan wanda ya aikata ta'asa sunansa yana ciki, wanda ya ci abinci da Epstein sau ɗaya yana ciki, ɗan jaridar da ya fallasa shi yana ciki, lauyan waɗanda aka cuta yana ciki, wanda Epstein ya yi gulmarsa kawai da wani shi ma yana ciki. Kalmar "ya fito a takardu" ta haɗe su duka a buhu ɗaya, kamar ka ce duk wanda sunansa yake rajistar ofishin 'yan sanda ɓarawo ne, alhali a nan ne ake rubuta sunan wanda aka yi wa satar.

Hausawa suna da maganganu biyu da ake yawan kawowa a nan. Ana cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, ana kuma cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka lura da ta biyun da kyau. Ba ta ce ka ɗauki kanwa ba. Ta ce kanka zai yi fari. Gargaɗi ne da uwa take yi wa ɗanta kafin ya zaɓi aboki, ba hukuncin alƙali ba ne. Mu kuma mun mayar da shi hukunci, muna yanke shi da babban yatsa a kan fuskar waya.

Kada ka ɗauka ina wanke kowa ne. A'a. Akwai tambayar da take raba mutanen nan gida-gida, kuma ba ta da wahala: yaushe ne, kuma me ya sani a lokacin? Wanda ya gaisa da Epstein a wajen taro a 2002 daban, wanda ya je gidansa bayan 2008, lokacin da duniya ta san kotu ta ɗaure shi kan yarinya ƙarama, shi ma daban. Joi Ito, shugaban wata shahararriyar cibiyar bincike a jami'ar MIT, ya karɓi kuɗin Epstein bayan ɗaurin, kuma da mujallar New Yorker ta nuna yadda aka riƙa ɓoye asalin kuɗin, ya ajiye aiki a Satumban 2019. Wannan ba laifin zama kusa ba ne, abin da ya yi da hannunsa ne. Larry Summers, tsohon sakataren baitulmalin Amurka, ya sauka daga kwamitin gudanarwar kamfanin OpenAI a Nuwamban 2025 bayan an ga saƙonnin da suka ci gaba da yi da Epstein har cikin 2019. Shi Bill Gates ya fara ganawa da Epstein a 2011, shekara uku bayan ɗaurin. Ya ce neman tallafin ayyukan lafiya ne ya kai shi, kuma a 2021 ya amsa da bakinsa cewa babban kuskure ne. Tsohuwar matarsa Melinda ta faɗa a fili cewa ba ta ji daɗin ganawar ba, kuma ta gaya masa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Mutum mai irin wannan dukiyar, mai ma'aikatan da aikinsu ke nan su binciki duk wanda zai gana da shi, ba zai ce bai sani ba. Ya cancanci a yi masa tambaya mai zafi, ya kuma cancanci ya ji kunya.

Amma tsakanin "ya zauna da mugun mutum yana sane" da "ya yi lalata da ƙananan yara" akwai tazara mai nisa, kuma ba a tsallaka ta da jan layi a kan hoto. Har yanzu babu kotun da ta tuhumi Gates da wannan laifin. Wasu daga cikin munanan maganganun da ake yaɗawa a kansa sun fito ne daga rubutun da Epstein ya yi da hannunsa, mai magana da yawun Gates kuma ya ce ƙarya ce. To ka ga abin mamaki: mutumin da muka yarda mayaudari ne, wanda ya gina rayuwarsa a kan riƙe sirrin manya da yi musu barazana, shi ne kuma muke ɗaukar rubutunsa kamar shaidar da ba ta da makawa. Shi ma Musk an ga saƙonni tsakaninsu a kan zuwa tsibirin Epstein, ya ce bai je ba. Mai hankali zai riƙe biyun: akwai saƙonnin, akwai musun, sauran kuma aikin masu bincike ne.

Za ka iya cewa, to mu ina ruwanmu? Attajiran Amurka ne, suna da lauyoyin da za su kare su. Gaskiya ne, ni ma ba Gates nake tausayi ba. Jaririn da yake goye a bayan yayarka nake tunani.

A watan Disamban 2024 Najeriya ta fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma jihohi biyu aka fara da su: Kebbi da Bayelsa. Ba alfarma aka yi mana ba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya. Allurar, mai suna R21, masanan jami'ar Oxford ne suka samar da ita, kamfanin Serum Institute na Indiya yake sarrafa ta, hukumar NAFDAC ta amince da ita, kuma ana yin ta sau huɗu, a wata biyar, shida, bakwai da sha biyar. Ƙawancen Gavi ne ya taimaka aka kawo ta, gidauniyar Gates kuwa tana cikin waɗanda suka kafa Gavi da kuɗinsu. Kai ma ka san yadda za a haɗa zaren a zauren WhatsApp: Epstein mugu ne, Gates abokinsa ne, Gates yana da hannu a allura, saboda haka kada a kai yara asibiti. Taki huɗu kacal, an taso daga wani tsibiri da ba mu taɓa gani ba an sauka a kan cinyar jariri a Dabai ko Ribah.

Mun taɓa bin wannan hanyar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki. Tsoron yana da tushe, kada kowa ya raina wa iyayenmu hankali: a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka mutu a cikin waɗanda aka sa a gwajin, aka yi shekaru ana shari'a. Amma an ɗauki laifin wani kamfani a kan wani magani aka ɗora wa wani rigakafin daban. Kafin Kano ta dawo da rigakafin a tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya kuma ta kai har Yaman da Indunusiya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Waɗanda suka shanye a waɗancan shekarun sa'o'inka ne, suna nan da rai, wasu kana wuce su a tasha.

Idan kana da tambaya a kan yadda attajiri ɗaya yake da irin wannan ƙarfin faɗa a ji a harkar lafiya da noman nahiya guda, yi ta. Tambaya ce mai kyau, masana a jami'o'inmu suna yin ta, musamman a kan irin shuka da aka sauya wa halitta. Amma ingancin allura a ɗakin gwaji ake gane shi. Ba a gane shi daga sanin wanda mai ba da tallafin ya ci abincin dare da shi a 2011.

Bari in dawo da kai gida, domin mu ma muna da namu mutumin fasahar da aka yi wa irin wannan karatun. A watan Afrilun 2021 aka wayi gari da labarin cewa Amurka ta sa Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, a jerin waɗanda take sa wa ido kan ta'addanci. Cikin hujjojin da aka riƙa yawo da su har da bidiyonsa zaune da Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram. Wanda ba ya jin Hausa ya ga malamai biyu a zaune waje ɗaya, shi ke nan, an gama. Wanda yake jin Hausa kuwa ya san muƙabala ce, Pantami yana ƙalubalantar aƙidar Yusuf ta haramta boko da aikin gwamnati. Kafar NewsWireNGR da ta ɗauki labarin jerin sunayen ta janye shi ta ba da haƙuri. Amma labarin bai ƙare a nan ba, kuma nan ne darasin yake da ɗaci. Sai aka fito da tsofaffin karatuttukansa, da muryarsa, inda ya yi maganganu masu nuna tausayawa ga Al-Ƙa'ida da Taliban. Wannan ba zama kusa ba ne, furucinsa ne. Shi da kansa ya fito a cikin azumin shekarar ya ce wasu maganganun ya yi su ne bisa fahimtarsa ta wancan lokacin yana matashi, kuma ya sauya ra'ayi. Fadar shugaban ƙasa ta mara masa baya, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa har 2023.

Ka tuna yadda muka yi a lokacin? Masu neman ya sauka sun riƙe labarin jerin sunayen ko bayan an janye shi. Masu kare shi kuma sun fake da janyewar suka ce duk sauran ma ƙage ne. Kaɗan ne suka iya cewa: wannan ƙarya ce, wannan kuma gaskiya ce, a yi magana a kan gaskiyar. Ga mutumin da a lokacin yake jagorantar haɗa lambar NIN da layukan wayar 'yan ƙasa gaba ɗaya, tambayar ko za a amince masa da bayanan jama'a tambaya ce ta gaske, amma ihu ya cinye ta.

Haka aka yi da takardun Pandora a Oktoban 2021, lokacin da gamayyar 'yan jarida ta duniya, da Premium Times a cikinsu, suka bankaɗo dukiyoyin da manya suka ajiye a ƙasashen waje. Sunan gwamnan Kebbi na lokacin, Atiku Bagudu, ya fito. Sunan Peter Obi ma ya fito. 'Yan wannan jam'iyya suka yi ta tura na wancan, 'yan waccan suka yi ta tura na wannan. Da wuya ka samu wanda ya karanta ya gaya maka abin da takardar ta ce kowannensu ya yi, wanda kuma ba iri ɗaya ba ne. Suna kawai muke nema, in na abokin hamayya ne hujja ce, in namu ne makirci ne.

Mu 'yan Zuru ma ba sai an je da nisa ba. Janar Ishaya Bamaiyi, ɗan ƙasar nan, shi ne hafsan sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. A 1999 aka kama shi, aka tuhume shi da hannu a yunƙurin kashe Alex Ibru, mai jaridar Guardian. Ya yi sama da shekara takwas a tsare kafin wata babbar kotu a Legas ta sallame shi ta wanke shi a 2008. Ba ina ce maka waliyyi ba ne, zamanin Abacha zamani ne da har yau ake jayayya a kan rawar da kowane babban soja ya taka. Abin da nake so ka gani shi ne, wannan janar ne mai lauyoyi, kuma tuhuma ce takamaimai da aka kai gaban alƙali, amma duk da haka sai da ta ci shekara takwas na rayuwarsa. To ina ga wanda ba shi da kowa, kuma ba gaban alƙali za a kai shi ba?

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Su waye "manyan fasaha" a Zuru, da Fakai, da Sakaba, da Danko/Wasagu? Ba masu jirgin sama ba ne. Yaron nan ne mai POS a bakin kasuwa. Mai cajin waya ne da janaretonsa. Mai gyaran waya ne, da mai sayar da kati da data, da mai rajistar layi. Sana'arsu ce ta sa lambarsu take cikin wayar kowa, kuɗin kowa yake bi ta asusunsu, wayar kowa take kwana a shagonsu. Ranar da aka kama ɗan bindiga aka buɗe wayarsa, lambar wa kake tsammani za a fara gani?

Ba na musun cewa akwai infoma. Akwai su, kuma masarautar nan ta zubar da jinin da ya isa ta tsane su. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba ya son jin dogon turanci a kan haƙƙin wanda ake zargi, na sani. Akwai kuma masu POS da suka san kuɗin fansa ne suke karɓa, suna cire kasonsu, wannan su ne irin Joi Ito na wajenmu, sun san da wa suke hulɗa. Amma akwai wanda baƙo ya zo ya cire dubu ashirin ya tafi, bai san shi ba, ba zai sake ganinsa ba. A takardar banki su biyun iri ɗaya ne: suna, lamba, adadi, kwanan wata. Abin da zai raba su shi ne wani ya zauna ya yi tambaya, sau nawa, nawa ne, tun yaushe, me ya sani. Idan aka saki hoton takardar a zauren unguwa kafin a yi wannan tambayar, taron jama'a ba ya jiran amsa. Haka kuma Bafulatanin da aka haifa a nan, wanda shi ma an kore masa shanu, yake wayar gari abin zargi saboda sunan wani mai kama da nasa ya fito a wani jeri.

Ga kuma abin da ya ƙara dagula lissafi: jerin da ya iso wayarka ba lallai ne ma ya fito daga takardun ba. A Janairun 2024, da wata kotu a New York ta buɗe wasu takardun shari'ar Maxwell, jerin sunaye na bogi sun riga na gaskiya yawo a intanet, aka cusa sunayen mutanen da ba sa ciki sam. Yau da ƙirƙirarriyar basira, yaro ɗan aji uku zai iya haɗa hotonka kana dariya da wanda ba ka taɓa gani ba, cikin minti biyu, da datar naira ɗari biyu. Kai da ka san haka, kai ne kuma babanka yake miƙo wa waya ya ce duba min wannan gaskiya ne?

Akwai waɗanda muka manta da su gaba ɗaya a wannan hayaniyar. 'Yan matan da aka cuta. Da aka saki takardun, lauyoyinsu sun koka cewa an bar sunayen wasunsu a fili ba a rufe ba, mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye abin da ya same su. Su ne suka fi kowa bukatar a bambance wanda ya yi da wanda bai yi ba, domin in aka ce kowa mai laifi ne, mai laifin gaskiya ya samu wurin ɓuya. Zai nuna mutum ɗaya da aka yi wa ƙage ya ce kun gani, duk sharri ne.

Saboda haka idan saƙon ya sake zuwa, ƙanwata, ƙanina, ba na ce ka kare Gates ba. Ka rubuta a ƙasansa: wace takarda ce, me ta ce ya yi, a wace shekara, wa ya faɗa? Za a yi maka dariya, wani zai ce nawa aka biya ka. Bar shi ya faɗa. Sannan ka tambayi yayarka ko wata nawa yaron nan yake yanzu, in ya kai biyar ka ce ta ɗauko katinsa, ka kai su asibitin sha-ka-tafi a kan babur ɗinka.